Agogon Gidan Baba

Tun da aka kafa dokar kula da tsofaffi, duk wanda ke zaune shi kaɗai sai an ajiye masa kwamfuta a ɗaki. Kowace safiya takan tambaye shi, “Kana nan?”, agogo na ƙirgawa a ƙasan tambayar. In lokaci ya cika bai danna ba, motar hukuma ta zo ta kai shi gidan jinya, kuma ba a dawowa daga can.

Barira ce ta rubuta wannan agogon a manhajar kwamfutar. Ranar Talata tana ofis a Kaduna ta ga na mahaifinta, Malam Nafi'u, da ke Funtuwa ya koma ja, alamar lokaci ya kusa cika. Ga shi ta gina shi yadda ba mai iya tsayar da shi, har ita kanta.

Ta yi ta kiran wayarsa kafin ya ɗauka.

“Baba! Kana ina?”

“Ina wajen awaki, jar nan ce ke haihuwa.”

“Don Allah je ka danna.”

“To, bari in wanke hannu.”

“Baba, bar hannun!”

Tana jin takunsa da ƙarar sandarsa ta waya, a hankali kamar kullum. Ta rufe ido tana salati. Da ta buɗe, agogon ya koma kore. Ta kifa kai a tebur tana dariya, hawaye na zuba.

“Na danna,” in ji shi. “Biyu fa ta haifa. Ɗaya naki ne, sai ki zo ki ɗauka.”