Fuskar Baba

Suna fitowa daga asibiti a Garki, cunkoson motoci ya tsare su. Ta saci kallon mahaifinta. Tun bara fuskarsa take a ɗaure. Shekaru tana koyar da ilimin jijiyoyi a jami'a, ga nata uban ya gagare ta. Ta san ciwon ne, amma zuciyarta ta dage fushi yake da ita.

"Me likitan ya ce?" Da ƙyar muryarsa ta fito.

"Baba, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo har bakin jijiya. Sinadarin furotin ɗin da ke sakinsa zuwa tsokar fuska ne ya gaza."

Ya juyo ya dube ta.

"Ashe shi ya sa. Tun safe nake yi miki murmushi, ba ki mayar ba."