Wanda Ya Ci Uwa

Na dire ƙwaryar a gaban Mai Unguwa, 'yan tsaki suna ta kuka a ciki.

"Ranka ya daɗe, ƙarar mijina na kawo. Kazata ta ƙyanƙyashe ke nan, na tafi bikin suna a Sandamu, Malam ya kama ta ya sa aka dafa wa baƙo. Ga marayun nan. Ruwa ake ta yi, sanyi zai kashe min su."

"Ki sa musu garwashi a kasko mana, Iya."

"Na sa! Hayaƙi ya kashe ɗaya, ɗaya ya faɗa wuta. Ɗan tsako ɗumin jiki yake so. A cikin zanina suka kwana, ko juyi ban yi ba, ga ƙuguna nan ya riƙe."

Mutanen zaure suka tuntsire da dariya. Shi kuwa ya gyara zama.

"Haƙuri za ki yi. Ai kaza don baƙo ake kiwonta."

"Haka Malam ya ce. Shi ya sa na raba su biyu. Rabinsa yana can cikin rigarsa tun safe, ko tari ya kasa yi."

"To waɗannan fa?"

Na ɗaga gefen babbar rigarsa na juye su. Suka shige, kukan ya ɗauke ɗif.

"Na baƙon ne. An ce min cinya biyu ka ci, har ka nemi ƙarin romo. Kar ka motsa, ranka ya daɗe, sun yi barci."