Ƙasa Biyu a Minti Ɗaya

Yana tsakiyar gonar tattasai saƙon ya shigo: an rufe kont ɗinsa na wasan ƙwallon waya har abada. Shekara uku ya yi yana gina ƙungiyar nan. Wai maguɗi ya yi, in ji masu wasan, an gan shi a Nijar da Najeriya cikin minti ɗaya.

Ya rubuta musu, zuciyarsa na tafasa: "Rezon waya ne ke tsallako kogin Komadugu da ya raba ƙasashen biyu, ni ban motsa ba. Wanda ya sayi maki kun hukunta shi sati ɗaya kawai, ni har abada?"

Nan take suka amsa: "Mutum ba ya zama a ƙasa biyu."

Ya ɗaga kai. A tsallaken ruwa, can ɗaya ƙasar, mahaifiyarsa na yafito shi ya zo ya ci tuwo.