Girgizar Motar Suruki

Tunda Mai Kunne yake kanikanci bai taɓa ganin wanda ya rufe ƙofar mota a hankali kamar wannan magidancin ba. Tsohuwar mota ce mai jan taya huɗu, irin wadda sai an maka ƙofarta take kamawa, amma shi ya lallaɓa ta kamar ƙwai. Idanunsa jajur, ga wani farin tabo a kafaɗar rigarsa, sallamar ma da raɗa ya yi ta.

Motar ta surukinsa ce, in ji shi. Aro ya karɓa, kuma yau da yamma tsohon zai zo ya ɗauki abarsa ya yi tafiya mai nisa. Da an ɗan taka ta sai bayanta ya kama girgiza, kuma so yake a gano masa tushen girgizar kafin lokacin.

"Baba, ka gano min kawai, kada ka gyara komai tukuna. In ba a gano yau ba, na kaɗe."

Mai Kunne ya yi dariya a ciki. Ya san irinsu sarai: an ari motar suruki an je an yi burga, yanzu ido ya raina fata. Amma sai tausayi ya kama shi, don shi ma yana da suruki, kuma ba mai sauƙi ba.

Suka hau titi. Ba a banza ake ce masa Mai Kunne ba, da kunne da mazaunai yake gano ciwon mota. Suna ɗaukar gudu kuwa sai ga ta, wata girgiza mai laushi daga ƙarƙashin kujerar baya, tana zuwa tana komawa. Ya cire giya ya bar motar ta gangara, girgizar na nan. Injin dai ya fita daga zargi. Ya juya zai yi bayani, ya tarar da mutumin ya yi barci, baki buɗe.

Da suka koma gareji ya mayar da tayoyin baya gaba, na gaba baya, ya sake gwadawa. Girgizar ba ta bi tayoyi ba, tana nan inda take. Ya shiga rami ya jijjiga shokozoba, ya duba man aksul, ya ja nan ya tura can, duk lafiya lau. Sifana ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa da ƙara, sai ya ji mutumin ya ce "shhh!" da sauri, sannan ya sunkuyar da kai don kunya. Ko a tsaye yake ba ya tsayuwa wuri ɗaya, sai rangaji yake dama da hagu. Mai Kunne ya ce a ransa lallai wannan surukin ba ƙaramin dodo ba ne.

Rana ta karkata. Wayar mutumin, wadda ya kashe wa ƙara, ta yi ta haske a hannunsa. Surukin ne, wai ya kamo hanya. Mai Kunne ya fara jin abin a jikinsa, don bai saba mota ta kunyata shi a gaban mai ita ba.

Abu ɗaya ya rage. Ya kwance farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ya sa motar ta ja da na gaba kaɗai. Suka sake fita. Shiru, motar ta tafi sumul. Mutumin ya zauna daram, ido buɗe, wannan karon ko gyangyaɗi bai yi ba.

A kan benci Mai Kunne ya mirgina farfelar har ya kai wani ɗan gurbi mai tsatsa. Nan ne, ya ce. Akwai wani ɗan guntun ƙarfe da ake liƙawa tun daga kamfani don nauyinta ya daidaita, shi ne ya ɓalle, shi ya sa take juyawa a karkace. Zai liƙa wani yanzu, suruki ba zai taɓa sanin an yi ba.

Mutumin ya ce a liƙa, amma hankalinsa ba a nan yake ba. Ya shafa gurbin da yatsa, ya tambayi girman ƙarfen, ya tambaya ko kowace mota irin wannan tana da shi. Da aka ce masa eh, sai ƙwalla ta cika masa ido don murna. Ya fita waje ya yi waya.

Mai Kunne na goge hannu wata sabuwar mota fil ta shigo garejin, ƙirar tsohuwar sak, matar mutumin a sitiyari, ita ma idanunta jajur. Tana buɗe ƙofa kuka ya cika wurin, murya biyu a lokaci guda. Mutumin ya karɓi makulli daga hannunta, ya danƙa wa Mai Kunne da hannu biyu.

"Baba, don Allah ka ɓalle wa tamu nata ƙarfen, tagwayen nan tunda aka haife su ba su taɓa barci ba sai a bayan motar kakansu."