Katin Injiniya

Ɗan wasan ya ɗaga ƙafa zai buga ƙwallo, sai ya tsaya cak a allo kamar mai tunanin abin da ya kawo shi duniya. Kafin ya sauke ƙafar, har Abdulbasit ya goge gumi.

Wannan ce kwamfutar da ya ce za ta rufe bakin duk wani gidan wasan gem na kwamfuta daga Anka har Gummi.

Abdulbasit bai daɗe da gama jami'a ba, amma ya riga ya rubuta "Injiniya" a ƙofar shagonsa da jan fenti. Tsohuwar kwamfutarsa na aiki lafiya lau, laifinta kawai ba ta da abin nuna wa mutane. Sai ya sayar da babur ɗinsa, ya yo odar katin girafik daga Kano, abin da ke sa hoton wasa ya yi gudu sumul. Da ƙarfin wannan katin ya sa aka ɗauke gasar ƙwallon matasan Anka da Gummi daga shagon Saifullahi, abokin hamayyarsa, aka dawo da ita nasa ranar Asabar. Sharaɗi ɗaya aka yi masa: in hoto ya yi tsaye-tsaye, gasa ta koma inda ta fito, 'yan wasa kuma su bi ta.

Ranar da katin ya iso, majalisar ƙofar gida ba ta huta ba. Ya ɗaga shi sama, ya nuna fankoki, ya nuna jerin haƙoran nan masu ruwan ɗorawa da ke shiga cikin kwamfuta.

"Kun ga waɗannan? Zinari ne zalla. Turawa ba sa wasa."

Kawunsa Labbo, mai sayen zinari a hannun masu haƙa na Abare, ya ɗago kai daga carbinsa. "Mi kac ce?"

"Zinari, Kawu."

Da yake kwaɗon shagon ko akuya na iya ɓalle shi, a akwatin ƙarfen Kawu katin ya kwana. Da safe Labbo ya miƙo shi naɗe a ƙyalle, yana cewa akwai maganar da yake so su yi. Injiniya ba shi da lokacin maganar tsofaffi. Jama'a na jira. Ya zura katin yana kallon 'yan kallo, yana yi musu lacca, ya ɗaure, ya kunna.

Tun daga lokacin 'yan wasan allo suka koma tafiyar masu ciwon ƙafa.

Ya fara da tuhumar janareto. Ya canza mai, ya canza fulogi, ya jawo wutar solar maƙwabci. Hoto ya ci gaba da rarrafe. Ya koma kan zafin gari, ya buɗe murfin kwamfutar ya saita mata fankar ɗakin Inna, Inna kuwa ta koma fifita da faifai tana sa wa ilimin boko albarka. Ya sauke manhajar katin ya sake ɗora ta. Ya goge komai ya fara daga farko. Ya canza wayar da ke zuwa allo. Ya kalli bidiyon masu gyara har ya fara gyaɗa kai irin nasu.

Komai ya sha tuhuma ban da katin. Ai ba a zargin abin da aka sayar da babur a kansa. Cire shi ma a gaban mutane daidai yake da cewa an yi kuskure, kuma injiniya ba ya kuskure, sai dai na'ura ta kasa fahimtarsa.

Saifullahi ya leƙo ran Juma'a, wai ya zo gaisuwa. Ya tsaya yana kallon mai tsaron gida yana faɗuwa a hankali, ƙwallo ta riga ta kwana a raga.

"Injiniya, wannan maimaici ne ko wasan ne?"

"Saiti nake."

"Allah ya ba da sa'a. Na dai sa an share mini shago, ko da za a buƙata."

Kawu Labbo ma ya zo ƙofar shagon, ya sake cewa yana da magana. Abdulbasit ya ce bayan gasa, bai ko juyo ba.

Asabar da la'asar 'yan Gummi suka sauka daga motarsu da rigunansu iri ɗaya. Aka kunna. Aka take wasa. Ɗan gaban Gummi ya yi gudu, ya daskare, ya ɓace, ya bayyana a wajen fili. Wani ya tambaya ko a je a yi sallah a dawo kafin ƙwallon ta iso. Ba a yi faɗa ba, dariya kawai aka yi, kuma ta fi zafi. Suka kwashi bencinan da suka aro, suka nufi shagon Saifullahi, 'yan Anka na biye.

Ya rage shi kaɗai da fankar Inna tana kaɗa wa kwamfuta.

Sallamar Kawu Labbo ce ta dawo da shi. Tsohon ya zauna, ya laluba aljihu, ya fito da ɗan ƙullin leda, ya warware shi a tafin hannunsa da tattali. A ciki akwai wata 'yar ƙura mai walƙiya, wadda atishawa ɗaya za ta gama da ita.

"Tun rannan nika son hwaɗa ma, ɗana, an cuce ka. Haƙoran ga da kac ce zinari na, na sa reza na kankare na bayan katin duka na gwada ma, ga abin da yaf fita."