Farin Mayafin Inna

Ranar da aka raba mana hoton aji a makaranta, da kuka na dawo gida. Fuskata ba ta fito ba, sai idanu da haƙora, yara suna ta tsokanata wai baƙina ya fi ƙarfin kyamara.

Baba, Allah ya jiƙansa, mai ɗaukar hoton biki ne a Diffa. Ya duba hoton, ya yi tsaki. Bayan la'asar ya ɗauki kyamararsa da farin mayafin Inna, ya ja hannuna zuwa bakin Komadugu inda ake shanya tattasai. Har yau ina jin yajin nan a hancina. Ya zaunar da ni rana tana bayana, ya shimfiɗa mayafin a cinyata don ya maido haske kan fuskata.

"Uwata, ɗago kai," ya ce. "Ba ke ce kika yi duhu ba. Mai hoton ne bai san inda rana take ba."

Yanzu ni ke riƙe da shagonsa. Duk amaryar da ta raɗa mini in ƙara mata fari a hoto, sai in ce ta zauna tukuna, in buɗe jakata in ciro mayafin Inna.