Waken Gida da Waken Kasuwa

Tunda ka ce abin da ya bar hannunka ya bar wuyanka, gyara zama ka ji misalin wani manomin wake.

Mutumin nan wakensa kashi biyu ne. Na gida, toka da busasshen barkono yake zuba masa ya toshe a randa, yadda ya ga mahaifiyarsa tana yi. Na sayarwa kuwa, maganin feshin gona yake tuttula masa, ya ɗinke buhu, ya jibge a ɗaki sai wake ya yi tsada. Ƙwaro ko ɗaya ba ya kusantarsa. In zuciyarsa ta ɗan tsunkule shi, sai ya ce ai wanki ɗaya yake fita, kuma 'yan birni me ba su ci ba? Matarsa ba ta san da wannan ba. Ita dai ta san maigidanta mai sa'ar ajiya ne, har alfahari take yi da shi a gidan suna.

Shekara talatin da aurensu, abu ɗaya take roƙonsa: ya kai ta birni ta ga gadar sama da gidan namun daji da idonta. Shekarar da wake ya yi daraja fiye da kullum, ya ce ta shirya. To amma mai hali ba ya fasa halinsa. Masaukin da ya kama a bayan tasha yake, ɗaki kamar akurki, fanka tana juyi ba iska. Baiwar Allah ko a jikinta, murna ta cika ta. Abincin masaukin kuma ya ce sata ce da rana tsaka. Sai ya bi lungu-lungu har ya samo wata mai garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, wadda take cika kwano ya yi tozo a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya sayo kwano biyu, ya dawo yana yaba wayonsa.

A cokali na farko ya ji shi. A ƙarƙashin yajin akwai wani ɗan wari siriri wanda baƙon hanci ba zai kama ba. Shi kuwa shekara goma yana wanke warin nan daga hannunsa. Ya dubi matar, ta riga ta yi nisa, tana ci tana ba shi labarin wuyan raƙumin dawan da suka gani da safe. Kalma ɗaya ce tsakaninta da tsira, ya ce mata tsaya. Amma in ya faɗa za ta tambaye shi yadda aka yi ya sani, ita kuma mace ce mai bin magana har gindinta. Sai ya jawo tsohuwar maganarsa ya lulluɓa, ai an wanke. Ya ajiye cokali, ya ce cikinsa a cushe yake, ya fita sallar azahar. Ya manta wadda ya aura, matar da ko ƙanzo ba ta yarda a zubar. Kafin ya dawo daga masallaci ta share nata, ta haɗa da nasa, don kada abinci ya tafi bola.

La'asar ba ta yi ba sai amai, sai gumi, sai yawu yana dalala, jiki yana karkarwa. Kwana huɗu tana asibiti ana ƙara mata ruwa. Likita ya ce maganin ƙwari ne a cikin wake, kuma ba ita kaɗai aka kawo daga unguwar ba. Gogan naka ya tafi wurin mai garau-garau zai yi tijara, ya tarar da ita tana kuka, don 'ya'yanta ma daga tukunyar suka ci. Ta rantse ita saye ta yi a hannun dillalai, ta kuma faɗi kasuwar ƙauyen da suke ɗaukowa. Kasuwarsu ce, inda yake kai nasa. Ko buhunsa ne, ko na wani mai hali irin nasa ne, Allah kaɗai ya sani, kuma rashin sanin bai rage masa komai ba.

Da ya koma asibiti ya tarar da ma'aikaciyar jinya tana canza ruwa tana cewa Allah ya isa tsakaninmu da masu wannan aiki. Matar ta ce amin da muryar da da ƙyar take fita, ta juyo tana jiran tasa. Ya faɗa, ya ji kamar garwashi ya haɗiya.

Ranar da aka sallame su, a cikin motar komawa gida, ta ce, "Malam, kai me ya hana ka ci?" Ya ce ai ya gaya mata, cikinsa ne. Ta ce, "Koko kawai ka sha da safen ranar." Suna isa gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta shiga ɗakin ajiya ta kai hancinta jikin buhu ɗaya. Ta daɗe a ciki kafin ta fito.

Ta rayu, sai dai hannunta bai daina rawa ba. Ba ta yi yaji ba, ba ta tona masa asiri ba, ko 'ya'yansu ba ta gaya wa ba. Amma daga ranar, ko goro ya miƙa mata sai ta mayar masa ta ce, "Fara gutsura, Malam." A gaban baƙi ma haka take yi, mutane suna cewa kai, dubi ladabi, dubi ƙauna bayan shekara talatin. Shi kaɗai ya san abin da ake ce masa, kuma haka yake gutsura yana murmushin dole.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, wataƙila kai za ka faɗa.